Tambayi Likita: Shin allurar ƙwayoyin asali tana warkar da shanyewar ɓarin jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka daga Tahoua a kan mahaifinmu, wanda ya haura shekara 60. Wata biyu da suka wuce ya faɗi a ƙofar shagonsa bayan la'asar, bakinsa ya karkace, hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu. Daga babban asibitin jiha muka wuce da shi Yamai, aka yi masa hoton sikana, aka ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwarsa saboda hawan jini. Yanzu yana iya zama, yana ɗan ɗaga ƙafar, amma hannun ba ya motsi, maganarsa kuma ba ta fita sosai. Yayanmu da ke biɗa a Abijan ya turo mana bidiyon wani asibiti a Indiya, inda suka ce suna ɗibar ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ake kira selul sush, su yi wa mutum allurarsu a gadon baya, ya tashi ya yi tafiya. Sun nemi miliyan 12 na sefa ban da kuɗin jirgi da masauki, sun kuma ce mutum 80 cikin 100 suna warkewa. Ƴan'uwa sun shirya sayar da garkarmu ta albasa. Likitan da ke dubansa ya ce mu manta da wannan zance, bai yi mana wani bayani ba. Ni kuwa ina tsoron in hana, a ce na fifita dukiya a kan ubana. Ka ba ni shawara don Allah.
Wani ɗan kasuwa, Tahoua

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Shawarata ita ce kada ku sayar da garkar, kuma kada ku tafi da shi. Amma tunda kun riga kun ji "a'a" ba tare da dalili ba, kuma hakan bai kwantar muku da hankali ba, zan yi maka bayani dalla-dalla, yadda za ka iya maimaita shi a gaban yayanka da sauran dangi.

Ƙwayoyin asali gaskiya ne, akwai su a jikin kowane ɗan Adam. Su ne ƙwayoyin da ba su riga sun zama wani abu takamaimai ba, waɗanda suke hayayyafa su samar da ƙwayoyin jini ko na fata ko na ƙashi a duk lokacin da jiki ya buƙata. Likitoci sun daɗe suna amfani da wani nau'insu, wato na cikin ɓargo, wajen maganin kansar jini da wasu cututtukan jini irin su emasi, kuma Dakta Donnall Thomas na Amurka, wanda ya share fagen wannan dashen ɓargo, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1990. A 2006 Farfesa Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mai da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali, shi ma ya sami lambar a 2012. A kan wannan gaskiyar ce masu talla suke ɗora cinikinsu. Ƙwayar ɓargo tana sake gina jini ne domin aikinta ke nan tun ranar da aka halicce ta. Ƙwaƙwalwa kuwa al'amarinta dabam ne: idan jini ya yanke wa wani sashenta, ƙwayoyin wurin sukan mutu cikin ƴan mintuna ko sa'o'i, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana haɗe da dubban ƴan'uwanta ta hanyoyin da aka ɗauki shekarun rayuwa ana ginawa. Ko da sabuwar ƙwaya ta isa wurin, sai ta rayu, sai ta zama irin wadda ta mutu, sannan ta gano waɗanda za ta haɗu da su ba tare da kuskure ba. Waɗanda ake ɗiba daga kitsen ciki ko ɓargon ƙugu ko igiyar cibiya, su ne kuwa irin waɗanda asibitocin nan suka fi sayarwa, ba a nuna suna yin haka a jikin mutum ba, kuma idan aka sa su cikin jijiya ta hanyar ƙarin ruwa, yawancinsu a huhu suke maƙalewa.

An gwada wannan magani a kan masu irin ciwon Baba, gwaji na gaskiya. A Japan an ɗauki mutum 206 da jijiyar ƙwaƙwalwarsu ta toshe, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu ƙwayoyin asali, aka ba wasu ruwan da ba shi da magani, ba tare da majinyaci ko likitansa sun san wanda ya sami wanne ba. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna cewa bayan kwana 90 babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu. Waɗannan kuwa an ba su ne a cikin kwana ɗaya da rabi na farko, da ƙwayoyin da aka tace aka tantance, a asibitoci masu kayan aiki. To, wanda ya ce maka mutum 80 cikin 100 suna warkewa, ka tambaye shi inda ya buga wannan sakamako, da kuma waɗanda ya kwatanta majinyatansa da su. A Indiya kanta, ƙa'idojin da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta fitar a 2017 sun ce duk wani amfani da ƙwayoyin asali, in ban da dashen ɓargo a cututtukan da aka amince da su, bincike ne kawai, kuma bai halatta a yi shi a wajen gwajin da hukuma ta yarda da shi ba.

Game da bidiyon, ba lalle ne mutumin da kuka gani yana ƙarya ba. Mai shanyewar ɓarin jiki yakan sami sauƙi da kansa, mafi yawa a cikin wata uku na farko, sannan a hankali har zuwa wata shida da bayan haka, domin kumburin ƙwaƙwalwa yana saɓewa, sassan da suka tsira kuma suna koyon aikin waɗanda suka mutu. Baba da kansa shaida ne: ranar da ya faɗi ba ya iya zama, yau yana zama yana ɗaga ƙafa, ba tare da an yi masa allurar kowa ba. Da kun kai shi can a makon jiya, da wannan sauƙin da Allah Ya ba shi an jingina shi ga allurarsu, an ɗauki hotonsa an tura wa wani gidan. Galibin waɗannan wurare kuma suna haɗa allurar da motsa jiki na makonni, safe da yamma, wanda shi kaɗai ya isa ya kawo canji. Wanda ya koma gida yadda ya zo, ko ya fi lalacewa, ba a ɗaukar bidiyonsa.

Akwai kuma haɗari, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, musamman da yake a gadon baya suka ce za su yi allurar. A 2009 likitoci a Isra'ila sun ba da rahoton wani yaro mai ciwon jijiya na gado da aka kai Mosko aka yi masa allurar ƙwayoyin asali a ƙwaƙwalwa da ruwan laka. Bayan shekara 4 sai ƙari ya tsiro masa, da aka bincika aka tarar ƙwayoyin ƙarin ba nasa ba ne, na waɗanda aka zuba masa ne. A 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin wani dattijo mai shekara 66, wanda shi ma ɓarin jikinsa ne ya shanye, ya yi ta yawo tsakanin Sin da Ajantina da Meziko ana yi masa allura a gadon baya, har ya kashe kusan dala 300,000. Abin da ya samu shi ne ƙari a cikin lakarsa, wanda ya ƙwace masa yawancin motsin da ya rage. A Jamus an rufe wata cibiya a 2011 bayan rasuwar yaro ɗan wata 18 da aka yi wa allurar a ƙwaƙwalwa, a jihar Florida kuma mata uku sun makance ko sun kusa makancewa bayan an yi musu ita a ido. Ban da waɗannan akwai shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ko cikin ruwan laka, wanda yake kawo sanƙarau, kai kuwa ɗan Adar ba sai an gaya maka abin da sanƙarau yake yi wa mutum ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same shi bayan kun dawo Tahoua, wanda ya karɓi kuɗin ba zai zo jinya ba.

Abin da Baba yake buƙata yanzu yana kusa da ku, kuma watannin da yake ciki su ne mafi tsada a gare shi, bai kamata a ɓatar da su wajen neman biza da jiran jirgi ba. Ku nemi ma'aikacin kine, wato ƙwararren motsa jiki na asibiti, ya duba shi ya tsara masa motsa gaɓoɓi, ɗaya daga cikinku ya tsaya ya koya da idonsa, domin aikin na kullum ne, sau biyu ko uku a rana. Ku sa kofi a tafin hannun da ya mutu, ku dafa yatsunsa a kai ku taya shi ɗagawa; ku miƙe masa yatsun da suke naɗewa a hankali; idan za ku tashe shi kada ku ja shi ta wannan hannun, domin kafaɗar tana iya gocewa, ku riƙe shi ta ƙugu. Ku riƙa juya masa kwanciya don gudun gyambo, kada ku ba shi fura ko ruwa yana kwance, idan kuma yana ƙwarewa wajen haɗiya ku gaya wa likita. Ku yi ta yi masa magana, ku ba shi lokaci ya amsa, kada ku riga shi ƙarasa kalmar. Sannan ku tsare maganin hawan jini da duk abin da aka rubuta masa, ku sayi na'urar awon tansiyon ku ajiye a gida, a rage masa gishiri da dunƙulen miya, domin wanda ciwon ya taɓa kayarwa yana cikin haɗarin sake faɗuwa. Ba zan yi maka alkawarin hannun zai dawo yadda yake ba, domin hannu ya fi ƙafa jinkiri, wani ma ba ya dawowa duka. Amma ɗan kaso kaɗan na kuɗin albasar bana zai biya duk waɗannan, garkar kuma tana nan tana ciyar da shi.

Batun a ce ka fifita dukiya kuwa, ka kira yayanka ku yi magana ta fahimta, domin shi ma son Baba ne ya sa shi, ga kuma zafin nisa da yake ji. Ku tambayi Baba da kansa, tunda nauyin baki ba gushewar hankali ba ne, kuma jikinsa ne da garkarsa.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 4 bai taɓa zama da kansa ba, gaɓoɓinsa a sandare suke. Na daɗe ina naƙuda kafin a haife shi, kuma bai yi kuka da wuri ba. Wata maƙwabciyata tana sayar da wani gari a ƴan ƙananan fakiti, wai ƙwayoyin asali ne na ɗan itacen tuffa, ana zubawa a ƙarƙashin harshe. Na saya har kwali uku ban ga canji ba, ta ce sai ya sha shida. In ci gaba?
Wata uwa, unguwar Bukoki, Yamai

AMSA: Ƴar'uwata, sannu da haƙuri, Allah Ya raya miki shi. Ki dakata haka nan. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum, kuma duk abin da aka zuba a baki aka haɗiye, ciki yana narkar da shi kamar kowane abinci. Garin da aka busar aka ƙulle a fakiti ma babu wata ƙwaya mai rai a cikinsa. Wataƙila maƙwabciyarki ta yarda da abin har zuciyarta, domin irin wannan ciniki an tsara shi ne yadda mai sayarwa yake samun lada a kan kowane sabon mai saye, ita ma wani ne ya shigo da ita da irin wannan alkawari. Ba sai kin yi faɗa da ita ba, ki ce mata likita ya hana.

Bayanin da kika yi ya yi kama da raunin ƙwaƙwalwa da jariri yake samu idan iska ta yanke masa wajen haihuwa, ko da yake sai an duba shi kafin a tabbatar. Ko ƙwayoyin gaske na jinin cibiya, da aka gwada su a Jami'ar Duke ta Amurka a kan yara 63 masu irin wannan lalura, sakamakon 2017 bai nuna waɗanda aka ba sun fi waɗanda ba a ba ba a jimlace, sai ɗan alamun da suka sa aka ci gaba da bincike. Raunin da ke ƙwaƙwalwarsa ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓin da aka bari a sandare suna ƙanƙancewa, shi ya sa kuɗin kwali uku na gaba ya fi amfani wajen likitan yara da ma'aikatan kine. Za su koya miki yadda za ki zaunar da shi a kujerar da ta tallafe bayansa da kansa, da yadda za ki ciyar da shi ba tare da ya ƙware ba, idan kuma yana jijjiga irin ta farfaɗiya akwai maganinta mai araha da yake aiki.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Yamai. Kusan kowane mako sai dangin majinyaci sun nuna mini irin wannan talla a waya. Idan na ce ƙarya ne sai su ce ai Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, wasu ma ba sa sake dawowa. Yaya ya kamata in yi musu magana?
Wani majo, Yamai

AMSA: Abokin aiki, na gode da wannan tambaya, domin a ganina rabin laifin namu ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mai talla yana amsa waya da tsakar dare, yana kiran majinyaci da sunansa, yana cewa "za ka warke". Mu kuwa muna da layi a ƙofa, mu ce "babu magani" mu kira na gaba. Duk wanda aka sallama da wannan kalma zai je inda aka ba shi wata.

Idan suka miƙo maka wayar, ka karɓa ka kalli bidiyon tare da su har ƙarshensa, kada ka yi dariya, kada ka yi tsaki. Ka tambaye su abin da suke fata ya canza, domin sau da yawa amsar ba "ya warke sarai" ba ce. Za ka ji an ce ya iya zuwa bayi da kansa, ko ya iya fita masallacin ƙofar gida, kuma waɗannan buƙatu ne da kine da sanda da kujerar guragu suke iya kaiwa gare su. Bayan haka ka bi tallar da su da tambayoyin da za su iya yi da kansu. Shin allura ɗaya ce aka ce tana maganin shanyewar jiki da ciwon suga da rashin haihuwa da tsufa? Wace hukuma ce ta amince da ita ga wannan ciwon takamaimai? Daga jikin wa aka ɗebo ƙwayoyin, kuma wa ya gwada tsabtarsu? Idan abu ya ɓaci bayan an dawo gida, wa zai ɗauki nauyi? Idan suka ce bincike ne, to a ƙa'ida bincike na gaskiya ba ya cajin majinyaci miliyoyi, yana da kwamitin da ke sa ido, yana ba da takardar da ta lissafa haɗarin, yana kuma bin mutum shekaru. Ganin sunan asibiti a rajistar gwaje-gwaje ta intanet ba shaidar amincewa ba ce, ganin yana Turai ko Amurka ma haka: wani bincike na 2021 ya ƙirga wurare 2,754 da ke sayar da irin wannan a Amurka kaɗai.

Kada kuma ka ce musu ƙarya ce gaba ɗayanta, domin ba haka ba ne, kuma ranar da suka ji wani labari na gaskiya a rediyo za su daina yarda da kai. A wata cutar da garkuwar jiki take cin rigar jijiyoyi, dashen ɓargo ya nuna amfani ga wasu zaɓaɓɓun majinyata, ko da yake aikinsa sabunta garkuwar ne, ba gina ƙwaƙwalwa ba, kuma yana tattare da haɗarin rai. A ciwon karkarwa na Fakinsin, a 2025 an buga sakamakon gwaji biyu na farko, ɗaya a Kiyoto da mutum 7, ɗaya a Amurka da Kanada da mutum 12, inda aka dasa ƙwayoyin da aka sarrafa a cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata, sakamakon kuma ya ba da ƙwarin gwiwa. Sai dai mutum 19 ba su isa hujjar buɗe kasuwa ba. Japan ta taɓa ba da izini na wucin gadi a 2018 ga wani magani na raunin laka bisa gwajin mutum 13 kacal, ba tare da rukunin kwatanci ba, masana da yawa kuma suka soki wannan gaggawa. Ka gaya musu cewa ana kan aikin, kuma idan ya tabbata za a ji shi daga hukumomin lafiya da asibitocin koyarwa.

Maganar da suke kawo maka hadisi ne ingantacce, kada ka yi jayayya da shi. A wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya san maganin ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. Hadisin yana ƙarfafa nema ne, bai ce duk wanda ya ɗaga kwalba ya ce ga shi ya faɗi gaskiya ba, kuma bin kine da shan maganin tansiyon su ma neman magani ne. Ka kuma gano wanda yake yanke shawara a gidan, wanda sau da yawa ba ya cikin ɗakin, yana Abijan ko Libiya yana turo kuɗi. Ka ce a kira shi a waya ku yi maganar tare.

Wasu za su saurare ka su tafi duk da haka, wannan kuma haƙƙinsu ne. Kada ka rufe musu ƙofa. Ka roƙe su kada su yarda a yi allura a gadon baya ko a cikin kai ko a ido, kada su daina magungunan da aka rubuta, su kuma karɓo takardar da ta faɗi abin da aka zuba, da yawansa, da inda aka zuba shi. Ka sa musu ranar dawowa tun kafin su tafi, ka rubuta musu alamomin da za su sa a kawo shi cikin gaggawa ko da dare ne: zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, sabon ciwon baya, sabon rauni a ƙafa, ko kasa riƙe fitsari.